Kundin aikin tayar da MGB ƙirar 1972 a Sakkwato

16 ga Nuwamba, 2024

Yau aka kammala maganar mallakar motar. Ta marigayi baffana ce, wanda ya saye ta yana aikin gwamnati a zamanin Jihar Arewa maso Yamma, lokacin da Sakkwato take hedikwatar jihar. Da aka zo rabon gado sai aka yi mata kuɗi a gaban magada, na biya, aka rubuta takarda da sa hannun shaidu. Na nace a bi wannan hanya ne domin abin da mutum zai zuba wa dukiya da ƙarfi na tsawon shekaru bai kamata a bar shubuha a kan mallakarsa ba.

Motar MGB ce mai buɗaɗɗen sama da kujera biyu, irin wadda kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 har zuwa Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar. An ƙera sama da rabin miliyan, idan aka haɗa da 'yar'uwarta GT mai rufin ƙarfe. Tamu ƙirar 1972 ce, kuma sitiyarinta yana hagu, domin a ranar 2 ga Afrilun wannan shekara Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798, yana da kafireto biyu ƙirar SU, giya huɗu da obadiraib (ƙarin giyar da ke rage juyin inji a doguwar tafiya), da bamba na ƙarfe mai ƙyalli irin wanda aka yi amfani da shi kafin a koma na baƙar roba a 1974. A lambar injin akwai harafin L, alamar cewa matsin silindarsa 8.0 ne, wato ƙirar da ake aikawa ƙasashen da fetur ɗinsu bai kai na Turai ƙarfi ba. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, saboda zai sauƙaƙa zama da man da muke samu.

Tun farkon shekarun 1990 take ajiye a ɗakin mota mai rufin kwano. Duk wani littafi da na karanta kan wannan mota yana fara gargaɗi ne da tsatsa, saboda jikinta da ƙashinta a haɗe suke, ba ta da shasi na daban, kuma a Ingila damshi da gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi suna cinye dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi har motar ta lanƙwashe a tsakiya. Na shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, na bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, na tarar da su garau. Tsatsa tana wuri biyu kawai: akwatunan batir da ke bayan kujeru, inda ruwan batir ya zuba, da dandamalin ƙafar fasinja. Busasshiyar iskar Sakkwato ta kare ƙarfen, amma ita ce kuma ta kashe duk wani abu na roba. Tiyo, tayoyi, rigar wayoyi, robar ƙofa da rumfa duk sun bushe sun tsattsage. Saboda haka aikin da ke gabana ya bambanta da wanda littattafan suka tsara. Abokan gabar wannan mota a garin nan zafi ne da ƙura, kuma a kansu zan gina kowace shawara.

30 ga Nuwamba, 2024

Na samu wanda zai jagoranci aikin, wani dattijon makaniki da ya koyi sana'a a kan Land Rover da Bedford da Morris tun kafin Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, wanda daga nan ne motocin Faransa da na Jamus, daga baya kuma na Japan, suka mamaye garejinmu. Muhimmancin wannan shi ne notocin MGB da ma'aunin inci aka yi su, sifanun yawancin makanikan yau kuwa na milimita ne. Sifana mai lamba 13 tana kama noti mai rabin inci da ɗan sako-sako, kuma idan aka matsa sai ta goge kusurwoyinsa, daga nan sai a koma ga guduma da kurfi. Baba, kamar yadda kowa ke kiransa, yana da akwatin tsoffin sifanunsa na inci, har da ƙananan da ake buƙata a kan kafireto.

Mun yi yarjejeniya cewa a gida za a yi aikin, ba za a kai motar gareji ba, kuma duk abin da aka kwance za a sa shi a leda a rubuta sunansa da gefen da ya fito. Da na fara zancen lokacin gamawa sai ya ce, "Malam, motar ga ta yi shekara talatin tana kwana, ba a tashe ta da gaggawa." Na amince da hakan.

21 ga Disamba, 2024

Injin a ƙame yake. Mun cire fulogai, muka zuba cakuɗen man giyar atomatik da gas a kowace silinda, muka bar shi yana jiƙa, lokaci zuwa lokaci ana gwada juya shi a hankali da sifana ta kan notin fulin gaba. A wannan makon ya saki. Babu wanda ya taɓa kik, domin tilasta wa injin da zobban fistinsa suka manne yana karya zobban ko ya karce bangon silinda. Mun zubar da tsohon baƙin mai, muka sauke kwanon da ke ƙasan inji muka kankare dattin da ya daskare a cikinsa.

18 ga Janairu, 2025

Wannan wata ya tafi ne a kan hanyar fetur tun daga tanki har zuwa kafireto. Tankin, wanda yake ɗaukar kimanin lita 55, yana ɗauke da tsohon mai da ya koma danƙo mai wari. An sauke shi an wanke, an zuba tsakuwa an girgiza, an sake wankewa, kuma da aka cika shi da ruwa sai ƙananan huji suka bayyana a samansa, inda ƙura take taruwa tsakaninsa da dandamalin but. Na hana a kai masa wutar walda, saboda tankin fetur ko ya shekara a bushe yana iya riƙe tururin da zai fashe. Mai gyaran lagireto ne ya like shi da dalma da zazzafan ƙarfe.

Famfon mai na wuta ne, ƙirar SU, yana ƙarƙashin motar kusa da tayar baya ta dama. Idan aka murɗa mukulli yana yin ƙas-ƙas har kofunan kafireto su cika sannan ya yi shiru, kuma direban da ya san motarsa yana sauraron wannan sauti kafin ya tayar. Namu ya yi shiru gaba ɗaya, amma da aka goge kwantak ɗinsa aka sauya robar ciki sai ya dawo aiki.

Kafireton biyu su ne suka fi cin lokaci. Zanzaro ya yi gini a bakin ɗaya daga cikinsu. Tsarin SU mai sauƙi ne kuma ina ganin kyansa: akwai fistin da iskar da inji ke zuƙa take ɗagawa, a ƙasansa akwai siririyar allura mai tsini da ke shiga ramin da fetur ke fitowa, gwargwadon ɗagawar fistin gwargwadon man da zai fito. A samansa akwai ɗan wurin zuba mai wanda ke hana fistin zabura da sauri idan aka taka totur. Abin da yake lalata wannan tsari shi ne ƙura. Tana cin sandar da ke juya murfin totur har iska ta riƙa shiga ta gefe, kuma idan haka ta faru babu wani saiti da zai daidaita silo. Mun tarar sandunan sun ci, an sa musu sabbin bushin na tagulla a wurin mai injin sassaƙa ƙarfe.

Muna tsakiyar hunturu, kuma ko tiren da muke ajiye ƙananan sassa a kai sai an rufe shi da zane, in ba haka ba kafin azahar ya yi fari. Wannan ya yanke mini hukunci kan matatar iska. Masu irin wannan mota a Turai da Amurka suna son cire gwangwanayen asali su sa buɗaɗɗun filtoci masu ƙyalli domin ƙara da kyan gani. A nan yin haka kashe inji ne. Gwangwanayen asali za su zauna da filtar takarda a ciki, kuma na yi odar filtoci da yawa domin a riƙa sauyawa a tsakiyar hunturu da ƙarshensa.

8 ga Fabrairu, 2025

Motar ta tashi. Kafin nan sai da aka sauya wayarin gaba ɗaya, domin rigar tsoffin wayoyin tana farfashewa a hannu, ga kuma ɓarnar ɓera a bayan dashbod. Na sayi cikakken wayarin da aka yi daidai da launukan wayoyin kamfanin Lucas na asali, kuma na zauna da mai aikin wutar na nuna masa ƙa'idar: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, fari yana samun wuta idan an murɗa mukulli, kore shi ma haka amma ta bayan fiyus, shuɗi na manyan fitilu ne, ja na ƙananan fitilu, baƙi kuma shi ne na jiki. Amfanin riƙe wannan tsari shi ne duk wanda ya gaji motar bayana zai iya buɗe littafi ya gano matsala ba tare da lalube ba. Ƙarin da na yarda da shi ɗaya ne, rilé, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, a kan manyan fitilu, domin a tsarin asali duk wutarsu ta cikin makunnin take bi.

Asali motar tana amfani da batir biyu masu bolt 6 da aka jera su ba da 12. Irinsu ba sa samuwa a kasuwa, don haka bayan mai walda ya gyara akwatunan muka sa ƙaramin batir guda mai bolt 12 a ɗaya daga cikinsu. An saita tazarar kwantak a 0.015 na inci, ta fulogai a 0.025, an jera wayoyin fulogi bisa tsarin 1-3-4-2, an cire fulogai an juya inji har agogon baƙin mai ya motsa, sannan aka mayar da su. Ta yi tari da hayaƙi na ɗan lokaci, daga baya muryarta ta daidaita. Yaran unguwa sun cika ƙofar gida.

Matsin baƙin mai ya tsaya a wajen 60 idan an ɗan taka, ya sauka kusa da 25 a silo bayan inji ya yi zafi, kuma duka biyun suna cikin abin da littafin masana'anta ya yarda da shi. Man 20W-50 muka zuba, kuma shi ne ya shiga akwatin giya ma. Wannan yana ba mutane mamaki, amma akwatin giyar MGB da obadiraib ɗinta baƙin man inji suke sha. Man giya mai kauri na difiranshal ne.

22 ga Fabrairu, 2025

Birki. Motocin MGB na 1972 da ba na kasuwar Amurka ba layi ɗaya ne ke kai mai ga ƙafafun huɗu, ma'ana idan tiyo guda ya fashe birkin duka ya tafi, sai na hannu kaɗai ya rage. Saboda haka ban yarda a gyara komai da dabara a nan ba. An sauya masta da tiyo ukun roba da silindun baya da robobin kalifa (abin da ke matse birki) na gaba, an bi bututun ƙarfe taku bayan taku, an zuba sabon man birki DOT 4. An yi wa kuloci irin wannan aikin, tun da shi ma da mai yake aiki. Kuɗin da ya tafi a nan ya fi wanda na tsara, musamman da aka haɗa da kuɗin dako da na kwastan, amma a titin da babura da Keke Napep ke ratsawa ta kowane ɓangare ba na ganin akwai wurin da ya fi cancantar kuɗin.

15 ga Maris, 2025

Azumi ya rage mana saurin aiki, sai da safe kawai muke taɓawa. Awon matsin silinda ya nuna ta uku tana ƙasa da sauran, kuma da aka zuba mata ɗan mai awon bai tashi ba, alamar matsalar a bawul take ba a zobba ba. Mun sauke kan injin. Bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya ƙone a gefe, kuma mazauninsa ya lotsa.

An ƙera wannan kai na baƙin ƙarfe ne a zamanin fetur mai dalma, wadda take barin ɗan shafi a kan mazaunin bawul tana kare shi. Tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da irin wannan mai, kuma hakan alheri ne babba, domin mu a wannan yanki mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Amma tsohon inji yana buƙatar a sa masa taurarun mazaunai a ɓangaren hayaƙi. Na aika kan zuwa Kano, inda aka fara duba shi ko ya tsage, musamman tsakanin silinda ta biyu da ta uku inda irinsa suka saba tsagewa, aka same shi lafiya, aka sa mazaunai huɗu aka goge fuskarsa.

5 ga Afrilu, 2025

Bayan ƙaramar sallah kan injin ya dawo, an ɗaure shi da sabon gasket da sifana mai awo, an saita bawul a 0.015 na inci yana sanyi. Takardu ma sun kammala: sabuwar lamba, lasisin mota, takardar cancantar hawa titi da inshorar ɓangare na uku, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Tayoyin asali masu lamba 155 ne a kan rim mai inci 14, kuma ban same su ba. Na sa 185/70 R14, waɗanda tsayinsu ya yi kusa da na asali ta yadda agogon gudu ba zai yi ƙarya sosai ba. Sabbi na saya, kuma na duba lambobi huɗun da ke gefen kowace taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ta gwanjo da ta gama rayuwarta a ƙasar sanyi ba ta da abin da za ta yi a kan kwaltar Sakkwato a watan Afrilu.

19 ga Afrilu, 2025

Sanyaya inji shi ne aikin da tun farko na san zai raba gardama. Zafin rana yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma motar da aka tsara domin garin da digiri 25 ake kira zafi dole ta nuna gazawarta. A gwajin farko cikin unguwa, muddin tana tafiya allurar zafi tana tsakiya, amma da an tsaya na ɗan lokaci sai ta fara hawa.

Shawarar da kowa ya kawo ita ce a cire tamostat a jefar, kamar yadda ake yi wa kusan kowace mota da ta shigo ƙasar nan. Na ƙi, kuma Baba ya goyi bayana. Tamostat ba ya haifar da zafi. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa sannan ya buɗe, kuma bayan ya buɗe, sanyayawar ta rage ga lagireto da fanka da famfon ruwa. Injin da ke tafasa da lafiyayyen tamostat zai tafasa ko babu shi, sai dai ya ɗan jinkirta. Ƙari a kan haka, da asubar hunturu garin nan yana yin sanyi na gaske, kuma injin da bai taɓa kai zafinsa ba yana shan mai da yawa yana kuma gurɓata baƙin mansa. Masana'antar ta tanadi tamostat mai buɗewa a digiri 74 domin ƙasashe masu zafi, maimakon na digiri 82 da aka saba, kuma shi muka sa.

Ainihin ciwon yana cikin lagireto da jikin injin. Da mai lagireto ya narke dalmar ya buɗe tankin sama, sai muka ga kusan rabin bututun sun toshe da farin dutse. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, shi ya sa ma masana'antar siminti ta zauna a Kalambaina, kuma ruwan rijiya da na burtsatse yana barin gishirinsa a duk inda ya tafasa. Sa'ar da aka yi ita ce lagireton na tagulla ne, ana iya kwance shi a sake masa ciki, ba kamar na roba da alminiyon na motocin yau da sai dai a jefar ba. An sa masa sabon ciki mai ƙarin layin bututu. A jikin injin kuma mun cire fulogin zubar da ruwa da ke gefe, ko ɗigo bai fito ba sai da aka zura waya aka fasa laka. An yi ta wankewa har ruwan ya fito fari. Daga yau ba abin da zai shiga ciki sai tataccen ruwa da maganin hana tsatsa.

An sauya famfon ruwa da fambel da murfin lagireto, an wanke ƙaramin lagireton baƙin mai da ke gaba, an toshe duk wata kafa da ke gefen lagireto da soso domin iska ta bi ta cikinsa maimakon ta kewaye. Wani maƙeri a Maƙera Assada ya lanƙwasa mana kwano ya yi wa fanka zobe da zai sa ta zuƙo iska ta cikin lagireto, kuma aikin hannunsa ya zauna daidai tun a gwajin farko. Na ƙara fankar wuta a gaba mai makunni a ƙarƙashin dashbod, an ɗaure ta a ramukan da ke akwai, ba a huda jikin mota ba. Ƙa'idata a duk irin wannan ƙari ita ce ya zama abin da za a iya cirewa motar ta koma yadda ta fito daga Abingdon.

10 ga Mayu, 2025

Na kai ta Boɗinga na dawo da hantsi. Allurar zafi ta ɗan wuce tsakiya ta tsaya, ko a cunkoson shiga gari. Obadiraib yana shiga a giya ta uku da ta huɗu, kuma idan ya shiga sai ƙarar inji ta sauka, zafinsa ma ya ragu.

Wata matsala ta fito. Idan aka kashe ta da zafi aka dawo bayan ɗan lokaci, tana wuyar tashi, in ta tashi kuma sai ta yi ta shaƙewa. A wannan inji mashigar mai da mafitar hayaƙi a gefe ɗaya suke, kafireton suna zaune a saman bututun hayaƙi, kuma idan mota ta tsaya zafin yana tafasa fetur a cikin kofunansa. Akwai farantin ƙarfe a tsakani mai shafin hana zafi a bayansa, namu shafin ya zube. Tsohon shafin irin wannan yana iya ƙunsar asbestos mai cutar huhu, don haka jiƙa shi muka yi kafin a kankare ragowar. An manna sabon shafi, an nesanta tiyon mai daga bututun hayaƙi an sa masa riga. Matsalar ta ragu sosai, kuma idan na tsaya da rana nakan ɗaga bonet.

14 ga Yuni, 2025

Bayan babbar sallah ba a yi wani aiki mai yawa ba. Salansa ta daki wani tudun rage gudu ta tsage a mahaɗa, an yi walda an ɗan ɗaga ta. Tsakanin cikin motar da ƙasa inci biyar ne kawai, don haka yanzu ina hawa irin waɗannan tudu a karkace kuma a giya ta ɗaya.

9 ga Agusta, 2025

Damina ta sa maganar rumfa ta zama dole. Ƙarafanta suna nan lafiya, fenti da mai kawai suka buƙata. Rumfar leda irin ta asali tana ƙanƙancewa a rana har maɓallanta su daina kaiwa, saboda haka na zaɓi tamfol mai kauri mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ba ya tara zafi kamar baƙi. Wani tela da ke ɗinka rumfunan Keke Napep ne ya yi aikin. Ya warware tsohuwar a kan ɗinkinta ya shimfiɗa ya yanka sabuwar a kanta, ya zo gida ya gwada a jikin mota ya koma ya rage. Ba ta hana ruwa gaba ɗaya ba, yana ɗan shiga ta saman gilashin ƙofa idan iska ta kaɗo shi, don haka na bar dardumar ƙafa ba a manne ba domin a riƙa fitar da ita tana bushewa. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin darduma shi ne ya ci dandamalin fasinja tun farko.

A kan kujeru na daɗe ina tunani. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayari ke kai ta arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, kuma raina ya so a ce ita ce a kan kujerun. Badukun da na kai wa maganar ya ce mini, "Alhaji, fatar akuya ƙarama ce kuma ba ta da kauri, kujera za ta zama faci-faci, ba za ta jure zama ba." Ya ba da shawarar kirgin saniya mai launi mara duhu a kujeru, fatar akuya kuma a rigar sandar giya da ta birkin hannu da naɗin sitiyari. Haka aka yi, kuma ɗinkin da ya yi wa sitiyarin ya fi duk wanda na gani a hotunan masu sayar da kayan wannan mota kyau.

11 ga Oktoba, 2025

Ruwa ya ɗauke, kuma mun koma ƙafafun gaba. Motar tana da kimfin, wato sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta, da ke buƙatar giris a kai a kai, kuma a nan giris da ƙura suna haɗuwa su zama abin da ke goge ƙarfe, don haka duk lokacin da za a sa sabo sai an matsa har tsohon ya fito an share. Na dama ya yi wasa, an sa masa sabbin bushin. Shokazobanta irin masu hannu ne da ake ƙara wa mai, na gaban kuma su ne hannun sama na ƙafar. Ɗaya yana yoyo, na yi odar wanda aka sabunta, har yanzu yana hanya. An sauya robobin sifirin na baya, kuma ƙarar da ake ji idan an tashi ta ɓace.

Yanzu na fahimci lokutan da ake jin daɗin buɗe rumfa a garin nan: bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Tsakar rana rumfa a rufe take, tagar baya a zuge. A safiyar yau na bi hanyar Wamakko, gero ya nuna a gonaki ana girbi, injin yana tafiya sumul, matsin mai yana inda yake tun Fabrairu.

Maganar fenti na ɗage ta zuwa bayan hunturu, domin duk fentin da aka fesa cikin ƙura sai ya kama ta, kuma har yanzu ina karkata ga a goge na asalin a bar shi, a taɓa wuraren da ya ɓare kawai. Kafin Nuwamba za a sake matse notocin kan inji a sake saita bawul, a sauya baƙin mai da filtarsa, a sa sabbin filtocin iska, sannan tela zai ɗinka wa motar riga ta yadi mai numfashi. Idan shokazoban ya iso aka ɗaura shi, tafiya ta gaba ita ce Argungu, in sha Allahu, da jarkar tataccen ruwa da fambel da kwantak na ajiya a but.